Zuwa ga mutumina na Kumasi

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, yaya Kumasi, yaya kasuwa, yaya yaran? Mu nan Kano sai godiya. Hajiya tana gaishe ka, ta ce har yau tana jiran goron da ka yi mata alkawari. Na san za ka yi mamakin ganin doguwar takarda daga mutumin da ko saƙon murya ba ya kai wa minti ɗaya. Maganar ce ta fi ƙarfin waya.

Ka tuna yaron nan tela, wanda shagonsa ke kallon majalisarmu, wanda ya ɗinka maka shaddar da ka tafi da ita? Wata uku ke nan da ya yi yunƙurin kashe kansa. Allah ya sa da sauran shan ruwa, mahaifiyarsa ta fito alwalar asuba ta farga, aka garzaya da shi asibiti. Yana nan da ransa, har ya koma shago. Amma ni tun ranar ban samu sukuni ba, domin ya faɗa mini, ni ne ban ji ba.

Bashi ya ci ya sayi keken surfani da janareta, sai ga man fetur ya yi tashin gwauron zabi. Aiki ya tsaya, masu kaya suna sintiri, mai bashi yana aike. Ya daina zama da mu, ya rame, ido ya faɗa. Muka ce girman kai ne, ko kuma wata ce ta yaudare shi, muka yi ta tsokanarsa. Ana saura mako guda abin ya faru, ya je ya biya mai shayi 'yan kuɗin da yake bin sa, ya ɗauki almakashinsa, wanda ko taɓawa ba ya bari a yi, ya ba yaron shagonsa kyauta. Bayan magariba ya same ni a kan benci, ya ce, "Yaya, in na taɓa yi maka wani abu ka yafe ni. Na gaji. Da ma a wayi gari babu ni." Ka san me na ce masa? Na ce, "A'uzubillahi! Haba, kai fa namiji ne. Ka yi haƙuri, kowa da tasa." Na juya muka ci gaba da musun ƙwallo.

Haƙuri maganin zaman duniya ne, ban musa ba. Sai dai na lura mun mayar da kalmar marfin tukunya. Da mutum ya buɗe baki zai amayar da abin da ke cin sa, sai mu kifa masa ita, mu samu lafiyar kunnenmu. Ranar ba shi na lallasa ba, kaina na raba da nauyi.

A asibiti, abin da mahaifinsa ya fara cewa shi ne kada maganar ta fita. Aka ce wa mutane taifot ne. Ban ga laifin dattijon ba. Yana da 'yan mata biyu a gaba, kuma ka san da an ce gidan wane akwai taɓin hankali, manema sun watse. Ga tsoron hukuma, domin a nan Arewa sashe na 231 na dokar Penal Code ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Ka ji fa, wanda ciwo ya kai bango, shi za a kai gaban alƙali. Ku a Ghana majalisarku ta soke irin wannan hukunci a 2023. Mu a watan Janairun 2023 ɗin Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta zamanin Turawa ta 1958, amma ba ta taɓa wancan sashe ba. Alkawarin cire shi dai mun sha shi.

Da ya farfaɗo sai wata rigimar ta taso. Gwaggonsa ta ce sammu ne, abokan sana'a ne suka jefe shi. Kawunsa ya ce aljanu ne, a kai shi gidan mari a ɗaure har su fita. Nan na kasa yin shiru, na tuna musu abin da aka gani a Rigasa ta Kaduna a 2019, yadda aka fito da ɗaruruwan mutane da sarƙa a ƙafa. Liman ne ya raba gardamar. Ya ce addu'a za a yi, ruƙiyya za a yi, amma likita ma za a gani, tunda ba a saukar da cuta ba sai da maganinta. A huɗubar Juma'ar da ta biyo bai ambaci kowa ba. Ya kawo labarin Annabi Yaƙub, wanda baƙin cikin rabuwa da Yusuf ya sa idanunsa suka yi fari, ya tambaye mu ko akwai mai bakin cewa Annabi Yaƙub ba shi da tawakkali. Masallaci ya yi tsit. Ya ce kashe kai haramun ne, kowa ya sani, amma wanda ya ga ɗan'uwansa a bakin rijiya ya wuce shi ma sai ya amsa tambaya.

Likita ya ce ciwon damuwa ne, ciwo kamar hawan jini ko suga, yana da magani, sai dai maganin kan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa. Ni nake raka shi ranar ganin likita. Layin da ke wurin sai ka gani da idonka, mutane daga Jigawa da Katsina, wasu tun asuba. Ba mamaki, likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200. In muka ce sai likita kaɗai, wallahi da yawa ba za su kai layin ba.

Shi ya sa muka roƙi wata malamar asibiti da ke unguwarmu ta zauna da mu a zauren mai unguwa. Abin da ta faɗa ya girgiza ni. Ta ce in ka ga alama, ka tambayi mutum kai tsaye: kana tunanin kashe kanka ne? Na ce, Hajiya, ai wannan tunatar da shi ne. Ta ce sam, tambaya ba ta dasa wa kowa tunanin, sai dai ta sauke wa mai ɗauke da shi kaya. In ya ce e, kada ka yi masa wa'azi, kada ka rantse za ka ɓoye, kada a bar shi shi kaɗai, a nemi asibiti a ranar. A kuma kwashe duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, tunda sau da yawa guguwar takan lafa in ta rasa abin kamawa a kusa. Ta ce dalilin ke nan da NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin ƙwari barkatai a 2019. Mai kemis ɗinmu da mai shagon kayan noma duk suna wurin, na ga sun sunkuyar da kai.

Ta kuma ba mu labarin Zimbabwe, inda wani likita, Dixon Chibanda, ya koya wa tsofaffin mata sauraron masu damuwa a kan benci a harabar ƙananan asibitoci. Na yi dariya na ce, benci ai mu ne gidansa, kunnen ne ba mu da shi. Yanzu matan unguwa suna leƙa masu jego ba don wankan jego kawai ba, mu kuma duk wanda ya kwana uku bai zo majalisa ba, sai wani ya taka har gida. Ba kowa ya karɓa ba. Akwai masu cewa mun ɗauko bidi'ar Turawa. Muna jin su.

To, mutumina, ga dalilin takardar. Tun rasuwar maiɗakinka, Allah ya jiƙanta, muryarka ta canja. Saƙonninka ƙarfe uku na dare suke shigowa. Wancan makon ka ce mini ba don yaran nan ba da ka huta, ka bi da dariya, ni ma na yi dariya. Na kwana ina cizon yatsa. Ba zan maimaita kuskuren benci ba, don haka ina tambayar ka, kuma kada ka amsa mini da "lafiya lau": tunanin kashe kanka yana zo maka? Ko mene ne amsar, ba zan yi maka faɗa ba, ba kuma zan firgita ba. In ya matsa maka kafin mu yi magana, ka tashi ƙaninka ko maƙwabci, ku tafi asibitin Komfo Anokye, kada ka jira safiya.

Zan kira ka ranar Juma'a ƙarfe tara na dare agogonmu, takwas ke nan a wurinku. Na sayi kati mai yawa. In ba ka ɗauka ba zan kira ƙaninka, ka sani tun yanzu.

Ka shafa mini kan yaran.

Wassalam,
Naka na Kano.