Rigar da ake ɗinka wa yaro don baɗi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na makon jiya kan tsadar kayan Sallar yara, kuma na ji wani baƙonku yana cewa a zamanin da can yara ba su san ado ba, wai bante ne da 'yar shara shi ke nan. Ban ji haushinsa ba, yaro ne, bai gani ba. Amma ni a cikin shagon tufafi na tashi, a babbar kasuwar Maradi, shi ya sa na ce bari in ɗan gyara masa zance.

Shagon na mahaifinmu ne da ƙaninsa, kayan maza zalla. Baba ke sayar da yadi, Baffa ke kan keken Singer a bakin ƙofa, mu kuma in an taso daga lakwal mu zo mu tsince zare, mu hura gawayin dutsen guga. Akwai shadda a can sama inda hannun yaro ba ya kaiwa, akwai targal, akwai kakin 'yan makaranta, sai akoko da alawayyo na mai ƙaramin ƙarfi. Huluna kuwa a jere kan igiya: zanna, damanga, da jar dara ta dattawa. Yawancin kayan daga Kano Baba ke ɗauko su, daga Kantin Kwari, ya biyo ta Katsina da Jibiya ya shigo ta Dan Isa.

Abin da baƙonku bai sani ba shi ne, ba a ɗinka wa yaro riga daidai jikinsa. Baffa in ya gwada ka, sai ya ƙara yatsu huɗu a ƙafar wando ya kalmashe su ciki, ya ƙara uku a hannun jamfa. In ka ɓata rai ya ce, "Kai, tsaya sosai, ba ta bana kaɗai ba ce." Baɗi a warware kalmasar, layin tsohon ninki ya fito fili, kowa ya gani ya san rigar ta ga Sallah biyu. Ba wanda ke jin kunya, don kowa da nasa layin. Jamfata ta farko ta shadda, mai ruwan ƙasa, ni na sa ta shekara biyu, ƙanena ya gaje ta, na bayansa ya ƙarasa ta har wuyan ya saki. Tsakanin Sallah da Sallah tana cikin akwatin ƙarfen Inna da ƙwayar kafur. Har yau in na ji ƙanshin kafur sai in ji kamar gobe Idi.

Wandon kuwa zariya gare shi, ba roba ba. Wata Sallah, muna gudu mu tari hawan Sarkin Katsinan Maradi, tawa ta zare ta shige cikin ƙubaka. Haka na yi kallon dawaki hannu ɗaya riƙe da wando, ɗaya da ɗan kuɗin barka da Sallah. Da na dawo Baffa ya yi dariya har ya yi tari, ya sa tsinken tsintsiya ya zaro ta.

Akwai kuma littafin bashi. Mutanen ƙauye daga wajen Tibiri da Madarunfa su zo da 'ya'yansu a gwada su, su ce, "Alhaji, sai kaka." Baba ya rubuta da ajami, ba shaida, ba sa hannu. In an cire gyaɗa ko an yanke gero su dawo, wani da kuɗi, wani da dami. Ban taɓa ganin ya aika a kira wani ba, ko da yake Inna takan ce rabin littafin nan sadaka ce yake ɓoye mata.

Shekarar da ba na mantawa ita ce 1984. Najeriya ta rufe iyaka a watan Afrilu, damina ta ƙi, aka shiga yunwar da mutanenmu suka sa wa suna El-Buhari. Kantoci suka bushe, wa ke zancen shadda ana neman abin tuwo? A wannan Sallar Baba ya fiddo babbar rigarsa fara, mai aska biyu, ya miƙa wa Baffa. Baffa ya riƙe almakashi ya daɗe yana kallonsa, ya ce, "Yaya, ka tabbata?" Jamfa uku aka fitar. Tawa ce ta samu ɗan guntun aikin a ƙirji, na yi ta taƙama da shi ban san abin da ya ci ba.

Shagon ya tsira daga wannan, amma bai tsira daga karyewar sefa a Janairun 1994 ba. Dare ɗaya darajar kuɗin ta rabu biyu, shaddar Turai ta yi tsalle, bashin da ke cikin littafi ya zama ba ya sayen abin da aka bayar. Gwanjo ya cika kasuwa, daga baya ɗinkakkun kayan China suka biyo. Ban ce ba su da amfani ba, talaka ya samu sauƙi, ni ma na saya wa jikokina. Sai dai in ka juya ƙafar wandon nan ba za ka samu ko yatsa ɗaya na kalmasa ba. Wata shida yaro ya fi shi, a jefar.

Roƙona, Edita, ku aika ɗan rahotonku wurin tsofaffin teloli na Mokoyo da Bagalam da Dan Gulbi tun suna da sauran numfashi, su faɗa muku da bakinsu yadda ake yanka riga don yara uku. Baffa yana nan da ransa, idon ne ya yi rauni, kuma keken na nan a zaure an lulluɓe shi da tsohon zanen Inna. In kun zo da hantsi kun same shi.

Naku mai sauraro kullum,
daga unguwar Bagalam, Maradi.