Matan Weinsberg: a riƙa faɗin rigimar da ta sa suka goya mazansu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ɗan ba ni fili kan labarin nan na matan Weinsberg ta Jamus da suka goya mazansu suka fitar da su daga ƙawanyar yaƙi, wanda ke ta yawo a wayoyi, kowa na tura wa kowa wai darasin soyayya, amma ba mai faɗin me ya jefa mutanen cikin wannan hali tun farko, ni kuwa nan ne abin ya fi ja na.

Rigimar sarauta ce fa tsakanin manyan gidaje biyu na Jamus, gidan Welf da gidan Hohenstaufen. Sarki Lothar ya rasu a 1137, surukinsa Heinrich na gidan Welf yana riƙe da Bavariya da Saksoni, ya gama sa rai shi za a naɗa, masu zaɓen sarki suka ga ƙarfinsa ya yi yawa sai suka ɗauko Konrad na uku na gidan Hohenstaufen a 1138. Konrad bai tsaya nan ba har ƙasashen biyu ya ƙwace wa Heinrich. Heinrich ya mutu a 1139, ƙanensa Welf na shida ya ce ai ba a gama ba.

Ƙarshen 1140 Konrad ya yi wa ganuwar Weinsberg ƙawanya, can kusa da garin Heilbronn, Welf ya taho da mayaƙa zai ceci na ciki aka fatattake shi ran 21 ga Disamba. Da suka miƙa wuya sarki ya ce mata su fita da duk abin da za su iya ɗauka a kafaɗa, ana jiran a ga kaya da kuɗi kawai sai ga mata suna gangarowa daga tudu cikin sanyin hunturu, kowacce goye da ƙaton mijinta. Friedrich ɗan'uwan sarki ya ce wannan ai wayo ne a hana su, Konrad ya ce maganar sarki ba a canza ta.

To ni gaskiya wannan wurin ne masu turawa ke tsallakewa, mutum ya ci yaƙi, takobi na hannunsa, an yi masa dabara a gaban rundunarsa kuma ya haɗiye. Littafin tarihin Cologne ne ya kawo labarin shekaru bayan yaƙin, shi ya sa wasu masana ke ɗari-ɗari da shi, amma kufan ganuwar na nan har yau ana ce masa Weibertreu, wato amanar mata.

In za ku kawo shi a shafinku na tarihi don Allah ku faro daga 1137.

Naku,
Wani mai karatu