Maigidana Ya Kamu da Rawar Tsofaffin Turawa, Ga Daren Shigar Burtu Ya Ƙarato

Assalamu alaikum Hajiya,

Ina gaisuwa, ya aiki, ya iyali? Ni 'yar Zariya ce, amma na haura shekara talatin a jihar Ohio ta Amurka tare da maigidana. Ta waya nake bin shirinki, ban taɓa zaton wata rana ni zan rubuto ba. Don Allah a sakaya sunana.

Dukkanmu mun yi ritaya, shi daga koyarwa, ni daga aikin jinya. Yaranmu uku sun yi aure, kowa ya kama garinsa. Shekarar farko da Malam ya ajiye aiki, sai ya zama kamar an zare masa laka. Daga sallaya sai kujera, daga kujera sai gado. Sukarinsa ya hau, magana ta ragu, in na ce mu fita mu taka sai ya ce sanyi. Ni da na yi shekaru ina jinyar tsofaffi na san inda wannan hanya take kaiwa, na kuma tsorata.

Maƙwabtanmu, wani tsoho da matarsa, Turawa ne da suka haura saba'in, su suka ja mu zuwa rawar da suke yi duk mako a zauren taro na unguwa. Bari in kwatanta miki, don kada ki ɗauka irin ta gidan casu ce. Ma'aurata huɗu ne, mutum takwas, suke tsayawa suna fuskantar juna ta kusurwa huɗu. Akwai mai kira da ke riƙe da makirfo, shi ke faɗin abin da za a yi a cikin kiɗa: ku kewaya, ku ba da hannun hagu, ku koma gida. Wanda hankalinsa ya tafi wani wuri sai ya rikita sauran bakwai, kowa ya fashe da dariya. Ba giya a wurin, sai ruwan tuffa da kofi da kek. Ƙarfe tara da rabi an tashi. Yawancinsu masu furfura ne, har da wanda aka sauya wa gwiwa.

Hajiya, Malam ya farfaɗo. Mutumin da ba ya iya zagaya gida yanzu shi ke tuna min ranar. Har a kicin nake kama shi yana ƙirga taku.

Matsalar ta faro ne bara, ƙarshen Oktoba. A nan lokacin kaka ne, ganye ya koma ja da rawaya yana zuba, kowace ƙofa an ajiye kabewa an fafe ta an yi mata ido da baki. Daren 31 ga wata shi ne Halowin, kuma ƙungiyar rawar takan yi nata daren na musamman a makon, kowa ya zo da shigar burtu. Maƙwabciyarmu ta zo a matsayin ƙudan zuma, har da fukafukan waya. Mijinta ya cusa ciyawa a hannun riga ya zama mutum-mutumin gona. Akwai ɗan fashin teku da ke dogara sanda, akwai mayu biyu masu doguwar hula. Ni dai na ce ba zan yi shigar mayya ba ko da wasa, na ɗora malafa a kan mayafina na ce ni manomiya ce. Malam kuwa babbar rigarsa ta Sallah ya saka, mai aska takwas, da hula zanna. Sai ga shi an kira shi an ba shi kyautar wanda ya zo na biyu a iya shiga! Ya karɓa yana dariya, ya tsaya ya yi musu bayanin aikin rigar, amma ni abin ya ɗan sosa min rai, rigar Idi ta zama kayan wasa. Duk da haka ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗin daren. Ya tuna min tashe a Tudun Wada, lokacin da yayyena ke manna gemun auduga suna bin gida-gida.

Wani ya ɗauki hoto ya sa a Facebook. Kafin kwana uku hoton ya isa Zariya. A cikinsa hannuna na cikin hannun tsohon nan mai ciyawa, domin a rawar dole a riƙa musayar abokin taku, ba mijinki kaɗai za ki riƙe ba. Yayar Malam ta turo saƙon murya na minti shida. Wai da tsufanmu, da jikokinmu, da hajjinmu, mun je muna bikin matattu da arna. Ta ce ni na lalata mata ƙane, alhali shi ya fi ni zumuɗi. Surukan 'yarmu ta fari ba su ce komai ba, wannan shirun ya fi min ciwo.

Na yi bincike. Gaskiya ne asalin Halowin daga wani tsohon biki ne na mutanen Ayalan da Sikotlan na ƙarshen girbi, wanda suka yarda matattu na yawo a darensa, daga baya ya haɗu da jajibirin ranar waliyyai ta Kirista. Limaminmu na nan ya ce ba namu ba ne, a ƙaurace masa. Amma tsofaffin nan ba wanda ya ambaci matattu ko ya yi wata ibada. Abin da ya fi tsaya min a rai ma shi ne riƙe hannun namijin da ba muharramina ba. Tun kafin hoton nake jin nauyinsa, na danne.

Na daina zuwa wata huɗu. Malam ya je shi kaɗai sau biyu, sai na gano wata bazawara aka haɗa shi da ita don a cike takwas. Kishi bai san ritaya ba, Hajiya. Da na nuna ɓacin rai ya daina, ya koma kujerarsa, na ga abin nan na dawowa a idonsa. Ni da kaina na ce mu koma. Yanzu ina sa safar hannu, ban sani ba ko ta wadatar ko kaina nake yaudara.

Ga shi takardar gayyata ta bana ta iso, saura mako biyu. Malam ya ce shi zai je, wai waɗanda ke zagin ba su suka zauna da shi lokacin da ya kasa tashi ba. Ya kuma tuna min cewa maƙwabtan nan su suka kwashe mana ƙanƙara a ƙofa lokacin da aka yi min aiki, su ke kawo mana abinci marar naman alade ba tare da mun roƙa ba. Ƙin amsa gayyatarsu na yi min nauyi.

Ni kuma na rasa gane abin da nake tsoro: Allah ne, ko bakin yayarsa? In Allah ne, to rawar mako-mako ma ya kamata in bari, ba daren shigar kaɗai ba. In kuwa bakin mutane ne, anya ya dace in mayar da mijina kan kujera saboda shi?

Shin in je in zauna wajen raba kofi, in bar shi ya taka da wasu? In roƙe shi mu tsallake daren nan kaɗai mu ci gaba da sauran? Kuma yayarsa, in kira ta in yi mata bayani, ko in bar shi ya ji da 'yar'uwarsa? Har yau ban amsa saƙonta ba.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Taki,
Wata 'yar Zazzau a Ohio