Wasiƙa daga Wiskonsin: Ƙaho da Shinge

Aminina,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da Baba. Ya jikin nasa? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya sa mu gaba. Na ga saƙonka kana yi mini tsiya, wai ɗan birni da ko zomo bai taɓa kora ba shi ne yau a daji da jar riga. To, ka ci dariyarka. Amma hoton nan da ka gani akwai magana a bayansa, kuma ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna rubutu. In ka samu sarari ka karanta wa Baba, don shi na riƙa tunawa tun daga asuba har magariba a ranar.

Wani dattijon Bature da muke aiki tare ne ya ja ni. A jihar nan ta Wiskonsin a Amurka ana buɗe farautar bindiga ta kwana tara a ƙarshen Nuwamba, kuma sai ka rantse sallah ake yi: ma'aikata na ɗaukar hutu, kowa ya sa riga ruwan lemo mai ƙyalli don kada ɗan'uwansa ya ɗauke shi dabba. Ni ban riƙe bindiga ba, ɗan rakiya ne kawai. Dabbar da ake nema ina kiranta barewa don ba ni da wani suna, amma ta fi tamu girma nesa ba kusa ba, kuma ƙahon namijin rassa yake yi kamar bishiya. Abin mamakin shi ne duk shekara ƙahon yana zubewa ya sake tsiro sabo. Kishimin da ya kai shekara biyar ko shida, ya ci ya ƙoshi, shi ne mai ƙahon da ake rubutawa a littafi.

Littafin nan shi ne tushen maganar. Wata ƙungiya ce mai suna Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt ya kafa a 1887 kafin ya zama shugaban Amurka, take riƙe da shi. A wancan zamanin 'yan kasuwar nama da fata sun kusa ƙarar da namun dajin ƙasar. Wajen 1900 irin wannan barewar da ta rage ba ta wuce dubu ɗari biyar ba, yau kuwa ana maganar miliyan talatin. Sun fara buga littafin a 1932, tsarin awon da ake bi yanzu kuma tun 1950 yake. Na ga yadda ake awon da idona a kan teburin kicin ɗin wani tsoho mai izinin aunawa. Sai ƙaho ya bushe kwana sittin tukuna. Ya ɗauko siririn tef na ƙarfe da 'yar waya mai lanƙwasa, ya bi tsawon kowane reshe, ya zagaye kauri a wuri huɗu ta kowane gefe, ya auna faɗin tsakani, yana rubutawa har kashi ɗaya cikin takwas na inci. In reshen dama ya fi na hagu, sai a zabtare bambancin. Mai ƙahon yana tsaye a kansa ko numfashin kirki ba ya yi, kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Ana buƙatar maki 170 kafin shiga babban littafin. Nasa ya tsaya a ƙasa da haka. Ya yi godiya, ya naɗe kayansa a bargo, ko kofin da aka zuba masa bai shanye ba.

Wanda yake kan gaba a masu daidaitaccen ƙaho wani manomi ne, Milo Hanson, da ya harbi nasa a 1993 kusa da garin Biggar a Saskatchewan ta Kanada, maki 213 da biyar bisa takwas. Kafin shi na nan jihar ne, James Jordan, wanda ya harbi nasa a 1914, maki 206 da ɗaya bisa takwas. Labarinsa ya ba ni tausayi. Ya ba mai gyaran kawunan dabbobi kan, mutumin ya tashi daga garin, kai ya ɓace. Sai bayan kusan shekara hamsin aka tsince shi a gwanjo, kuma ba a amince a sa sunan Jordan a kai ba sai 1978, bayan ya riga ya rasu. A ɓangaren masu hargitsattsen ƙaho kuwa, na ɗaya ba wanda ya harbe shi: mushensa aka tarar a Missouri a 1981, maki 333 da bakwai bisa takwas. Ka ga sarautar ma tana hannun wanda ajalinsa ne kawai ya zo.

To, ba a karɓar ƙaho sai maharbi ya sa hannu a takardar rantsuwa cewa farautar adalci ya yi. Ma'anarta a taƙaice dabba ta kasance ta daji ce, tana yawonta, kuma tana da hanyar tsira. Ba a kora ta da mota, ba a hango ta daga jirgin sama a sauko a harbe, ba a harbin wadda ta maƙale a tarko ko a dusar ƙanƙara mai zurfi, kuma ba a karɓar wadda aka kashe cikin dogon shingen da ba za ta iya tsallakewa ba. Wannan na ƙarshen ba ni da ja a kai. A Texas da wasu jihohi akwai masu kiwon barewa kamar yadda ake kiwon shanu, ana zaɓen iri, ana ɗura abinci, ƙaho ya fito kamar saiwar kuka, mai kuɗi ya biya ya shiga ya harba. Wannan ai rago ne a turke. Wata ƙungiyar, Safari Club, tana rubuta irinsu amma a shafi na dabam. Da Baba ya ga haka na san ko kirari ba zai bari a yi wa mutumin ba.

Abin da ya dame ni shi ne shinge na biyu, wanda ba ya hana barewa fita amma yana hana mutane shiga.

Mun isa dajin gwamnati tun duhu bai yaye ba, na yi sallar asuba a gefen mota a kan kwali, yatsuna ba sa ko lanƙwasuwa. Motoci sun riga sun cika wurin ajiyewa. Muka taka tafiyar kusan awa ɗaya muka zauna gindin wani itace. Da gari ya waye sai na ga ɗigon lemo a kan bishiyar can, wani a kan tudu, wani a bayanmu. Harbi ya fara tashi ta ko'ina kamar daren biki. Can wajen hantsi wani kishimi mai ƙaho sosai ya ɓullo a guje ta cikin kwari, bai ko waiwaya ba, ya tsallake 'yar waya mai ƙaya da ba ta kai ƙugu ba, ya faɗa gonar da ke maƙwabtaka da mu. Yana shiga ya rage gudu, ya koma tafiya, har da tsayawa yana shinshina iska. Dattijon nan ya ɗaga bindiga ya sauke. Akwai allo a jikin wayar, kuma a nan ƙetare iyakar gonar mutum ba izini laifi ne da ake cin tara a kai. Daga inda muke ina hango abin da ke ciki: masarar da aka bari tsaye ba a girbe ba don barewa, da wani ɗan ɗaki a kan dogayen ƙafafu mai tagogin gilashi, wanda ya ce mini har da na'urar ɗumama ɗaki a ciki. Akwai kyamarori a jikin itatuwa. Masu gonar sun san kowane kishimi da kamanninsa, suna raɗa musu suna, suna ƙyale ƙanana shekara da shekaru har su cika. A dajin gwamnati wa zai ƙyale? In ka bari, na kan tudu ba zai bari ba.

Duk abin da mai gonar nan ya yi halas ne a doka, halas ne a ƙa'idar littafin. In ya harbi wancan kishimin, lambarsa za ta shiga jeri ɗaya da ta wanda ya yi kwana tara yana cin sanyi cikin taron mutane. Tef ba ya auna wannan. Yankin Buffalo da ke kusa da mu shi ne ya fi kowane yanki a ƙasar yawan shiga littafin, kuma kusan duk gonakin mutane ne. Wanda ba shi da gona sai ya yi hayar izinin farauta, kuɗin kuma kullum hawa yake, har 'yan garin da suka tashi suna farauta a gonar maƙwabci kyauta yanzu an rufe musu ƙofa saboda baƙi daga birane sun fi su tayi.

Abin ya fi ɗaure kai in ka ji cewa a dokarsu naman daji ba na mai fili ba ne, na al'umma ne, jiha ce ke riƙe da shi amana. Da haka suke alfahari a kan Ingila, inda farauta ta kasance ta sarakai da masu ƙasa. Kuma tun 1937 duk wanda ya sayi bindigar farauta ko harsashi yana biyan harajin da ake kashewa a kan namun daji, wanda yau kashi 11 cikin ɗari ne, talaka da mai kuɗi. Barewa ta kowa ce, amma ƙasar da take takawa ta wani ce. A Texas kusan kashi 95 cikin ɗari na ƙasa a hannun mutane take. A yamma kuma, inda gwamnatin tarayya ke da fili mai yawa, akwai wuraren da filinta da na masu kiwo suka sarƙe kamar gidajen dara, kusurwa da kusurwa. Wasu maharba huɗu daga Missouri sun kafa tsani a kan irin wannan kusurwa a Wyoming suka haura daga filin gwamnati zuwa filin gwamnati ba tare da sun taka ƙasar kowa ba, mai gandun ya maka su kotu wai sun ratsa iskar da ke saman filinsa. A Maris na 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar musu da gaskiya. Iska fa, aminina!

Kada ka ɗauka ina cewa duk mai farauta a gonarsa macuci ne. Hanson kansa manomi ne. Kuma da muka yi gardamar a mota, dattijon ya kare masu gona fiye da yadda na zata, shi da aka yi wa ƙwalele da safe. Ya ce mutumin da ya bar masararsa, ya dasa itatuwa, ya haƙura shekara huɗu bai harba ba, ya yi wa daji hidima, kuma barewar da ya ciyar tana tsallakowa wajenmu ita ma. Ya ƙara da cewa tsohon kishimi ko a gonar wa yake ba wawa ba ne, iska ta juya sau ɗaya ya shaƙi warinka shi ke nan. Na yarda da rabi. Abin da na tsaya a kai shi ne, tunda sun iya ware mai baka da mai bindiga, har masu kwari da baka suna da nasu littafin na Pope and Young tun 1961, me zai hana a ware jerin dajin kowa da kowa da na fili mai ƙofa? Ya yi dariya ya ce ranar da aka yi haka ƙarya za ta yi arha, don kowa zai ce nasa a dajin gwamnati ya faɗi. Ban samu amsa ba har muka iso gida.

A kwana na shida ya samu wata mace, ba ƙaho ba littafi. Ya kawo mini cinya guda, kuma da yake na riga na yi masa bayanin yadda muke yi, ni na ce ya ba maƙwabta, bai ji haushi ba. Baɗi in Allah ya kai mu zan yi kwas ɗin da ake buƙata in yanki lasisi, in yi bisimilla in harba da hannuna, mu ga ko za a yi kilishi a wannan sanyin.

Ka tambayar mini Baba abu ɗaya. Lokacin da suke fita farautar rani da ganga da karnuka, in wani ya raunata dabba ta gudu ta faɗi a dajin wani gari, ko karen wani ya riga kamawa, ta wa ce? Na tuna yana ba mu labarin rigimar da aka yi a kan gada har sai da Sarkin Dawa ya shiga tsakani, amma na manta yadda aka raba. Ka ɗauko muryarsa a waya in zai yarda, dattijon nan ya matsa mini yana son ji, ni zan fassara masa.

Ka gaishe da uwargida da yara, musamman mai harbin ƙadangaru da danƙo. Maganin da ka ce a duba wa Baba na samu, zan ba mai zuwa gida a watan gobe.

Naka,
Abokinka na ƙuruciya