Godiya ga Asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da Ke Samaru, Kan Hidimar Sistar Ɗalibai

Zuwa ga Daraktan Kula da Lafiya da ɗaukacin ma'aikatan asibitin jami'a.

Assalamu alaikum.

Na samu labarin cewa tsohuwar ma'aikaciyar jinyarku, wadda ɗalibai suke kira Mama Sista, ta ajiye aiki bayan fiye da shekara 30. Ban ambaci sunanta ba don na san ba ta son haka, amma duk wanda ya zauna a Samaru ya san wadda nake nufi.

'Yata tana da sikila. Duk iyayen mai wannan ciwo sun san fargabar tura yaro makarantar da ba a kwana a gida, balle Zariya, inda sanyin hunturu ke ratsa ƙashi. Sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da gajiya, su ne ke tayar da ciwon, kuma lokacin jarrabawa duka ukun sukan haɗu. Sista ta san wannan ba sai an faɗa mata ba. Idan aka kawo yarinyar daga Amina Hall, wato masaukin ɗalibai mata, da tsakar dare, ba ta tsayawa tambayar wa ya kawo ta. Sai ta sa mata ƙarin ruwa, ta ba ta maganin zafin ciwo bisa umarnin likita, ta sa a auna jininta. In ta ga jinin ya yi ƙasa ko numfashi ya canja, ba ta jira gari ya waye, sai motar asibiti zuwa Asibitin Koyarwa na Shika. Mai sikila ba abin da ke ƙona masa rai kamar a ce yana raki. Ba ta taɓa faɗa wa 'yata haka ba.

Kuma ba mu kaɗai ba. Tana bakin aiki a 1996, shekarar da sanƙarau ya yi mummunar ɓarna a Arewa. Ta yi zamanin da ake ba mai zazzaɓin cizon sauro kulorokwin, ta kuma kai zamanin da ake fara gwajin jini kafin a ba da sabbin magunguna. Faɗanta kullum da ɗalibai ɗaya ne: su daina zuwa kemis suna haɗa wa kansu magani, sai abu ya ɓaci su zo asibiti.

Abin da ya fi burge ni shi ne riƙon sirri. Yarinya ta je mata da matsalar da ba za ta iya faɗa wa uwarta ba, kuma maganar ba ta fita daga ɗakin.

Na gode wa ofishinku ne saboda mutum ɗaya ba ya yin wannan aiki shi kaɗai. Akwai likitan da ke amsa kiranta, da mai ba da magani, da direban da ake tasa daga barci, da masu goge-goge.

Roƙona ɗaya: ƙananan ma'aikatan jinyar da suka yi aiki a ƙarƙashinta, a ɗora wa ɗaya daga cikinsu alhakin bibiyar ɗalibai masu sikila tun daga ranar rajista, kamar yadda ita take yi.

Allah Ya saka mata da alheri, Ya ba ta lafiya a hutunta, Ya albarkaci zuri'arta.

Naku,
Wani mahaifi daga Funtuwa