Kira ga masu ajiye tsofaffin mujallun zane da faya-fayen garmaho

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in ja kunnen masu tara mujallun labarai cikin zane irin na kamfanonin Marvel da DC na Amurka. Tsofaffin, tun daga na Superman na farko a 1938, a kan takardar jarida mai araha aka buga su. Akwai asid a cikinta, shi ke sa ta koma rawaya har ta riƙa karyewa. Kowace mujalla a sa ta cikin leda ta polyester tare da kwali marar asid a bayanta, a jera su a tsaye cikin akwati. Ledar PVC ba ta yi, tana sakin sinadari ta ɓata tawada. Zafin ɗaki kada ya wuce digiri 21 a ma'aunin Celsius, danshi kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. In danshi ya haura, ƙarafunan da suka ɗinke tsakiya su yi tsatsa su ci takardar. Salatif kuwa, don Allah a bar shi, tabonsa ba ya fita.

Faya-fayen kiɗan rock ma a tsaye ake ajiye su, nesa da rana, in an tula su sai su lanƙwashe. Nauyin allurar garmaho a kan faifai wajen giram 2 ya isa ga yawancinsu.

Naka,
mai karanta jaridarku.