Alhaji, Ba Duba Nake Koya wa Yaranku Ba

Assalamu alaikum.

A taron iyaye da malamai na ranar Asabar ka miƙe gaban jama'a ka tambaya: malamin da ɗakin gwajinsa ya bushe ƙamas, da wane ido yake gaya wa 'yan SS2 haɗin da zai ci da wanda ba zai ci ba? Ka ce ai wannan duba ne. Na yi shiru a ranar saboda girmanka. Amma kalmar duba ta tsaya mini a rai, domin shekara goma sha biyar ke nan ina koyar da Kemistiri a garin nan na Gombe, ba a taɓa jifa ta da irinta ba.

Ga abin da nake koyarwa. Fulorin, kulorin, buromin da aidin 'yan gida ɗaya ne, rukuni na 17 a jadawalin sinadarai. Atam ɗin kowannensu, wato ƙwayar zarrarsa, ilektiron ɗaya yake nema ya cika da'irarsa ta waje; ilektiron su ne 'yan ƙwayoyin da ke kewaye cibiyar atam. Kana gangarawa ƙasa a rukunin, daga fulorin zuwa aidin, atam na ƙara girma, cibiyarsa na nisa da bakinsa, ƙarfin fizgar ilektiron na raguwa. Shi ya sa na sama ke korar na ƙasa daga gishirinsa, na ƙasa kuwa ba ya iya ture na sama. Zuba ruwan kulorin a gishirin buromin, buromin ya fito, ruwan ya yi ruwan goro. Zuba aidin a gishirin buromin, ka kwana kana jira, babu abin da zai motsa. Ta wannan hanya Bafaranshe Balard ya gano buromin a 1826, da ya ratsa kulorin cikin ruwan gishiri na yankin Montpellier.

Zangon da ya wuce na sayo kwalba ɗaya ta gishirin aidin da albashina. Kafin in ɗiga kulorin, na sa kowa ya rubuta abin da yake tsammani. Ruwan da ke garau ya koma ruwan ƙasa, wata yarinya ta ɗiga kamu a ciki, nan take ya rine shuɗi mai duhu, alamar kulorin ya kori aidin daga gishirinsa. 'Yarka na cikin waɗanda suka rubuta daidai. Ka tambaye ta ko ƙasa ta buga.

Maganar cewa ina tsananta maki, WAEC ba ta fi ni sassauci ba.

Abin da ya fi ci mini rai, Alhaji, ka san inda matsalar take. Sau uku ina rubuto wa kwamitinku a saya mana sinadarai, kana zaune aka karanta, ba ka ce uffan ba. Sai yanzu da zaɓen shugaban ƙungiyar iyaye ya matso ka tuna da ɗakin gwaji, kuma malamin ka kama, ba kantocin da babu komai a kansu ba. Takardar kayan da muke buƙata tana nan, zan sake aiko maka ranar Litinin.

Wassalam,
Malamin Kemistiri, Gombe